Muryar Inna a Kwamfutar Yaya

Ana gab da magariba Yaya ta kira shi, yana tsakiyar jawo ƙofar shago. Ya zuba wa wayar ido har ta kusa tsinkewa kafin ya ɗauka. Mai gyaran kwamfuta ne, kuma tun safe yake sunkuye a kan kayan mutane. Bayansa ya ƙage, idanunsa sun yi jajur, ba abin da yake so irin ya watsa ruwa ya miƙe ƙafa. Amma wayar Yaya ba a ƙin ɗauka. Ita ce babbarsu, shi ne ƙaraminsu, kuma tun rasuwar Inna su biyu kaɗai suka rage wa juna. Furfura ta cinye rabin gemunsa, 'ya'yansa sun tasa, amma har gobe Auta take ce masa, a gaban kowa kuwa.

Ta ce kwamfutar gidanta ce ke wani abu, ya biyo ya duba. Ya ce sai gobe. Ta ce to, a hankali, ba gardama. Wannan "to" ɗin ne ya tsaya masa a rai, don Yaya ba ta taɓa yarda da gobensa ba, ta san halin kayanta. Ya koma cikin shago yana tsaki, ya jefa sukudireba a jaka, ya haɗa da filashin da yake wanke kwamfutoci da shi.

Layin gidan Yaya dogo ne, ba ya shan mota. Masu shaguna suna ta shigar da kaya. Wani ya ƙona shara a lungu, hayaƙin ya kwanta ƙasa-ƙasa, ya haɗu da warin kwata. Ya tsaya a hanya ya yi sallah, ya ƙarasa yana jan ƙafa. Da ya iso ya tarar da ƙofar gidan a rufe, har da sakata. Sai da ta leƙo ta taga ta ga fuskarsa sannan ta buɗe.

Ya kwana biyu bai zo ba, ya kuwa ji kunyar kansa da ya gan ta. Yaya malamar makaranta ce, mace mai jiki da murya, wadda in ta yi tsawa a aji har ajin gaba ke nutsuwa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta sun yi nisa, ita kaɗai ce a gidan. Yau rigarta ta yi mata yawa. Idanunta sun faɗa. A kan tebur ga faranti da abinci ya bushe a ciki, da alama tun jiya. Ya tambaye ta ko ba ta da lafiya, ta ce lafiyarta lau, barci ne dai ba ta samu.

Kwamfutar tana ɗakin Inna, ɗakin da ta yi jinya har ta cika. Tsohuwar kwamfuta ce, irin mai akwati a ƙarƙashin tebur, shi ya haɗa ta da hannunsa daga ragowar kayan shago. Ba kuɗinta ne abin ji ba. Abin da ke cikinta ne. Lokacin jinyar Inna yakan ajiye wayarsa gefen filonta ya naɗi hirarta: labarin ƙuruciyarta, faɗan da take yi a kan gishiri, dariyar nan tata da ke ƙarewa da tari. Daga baya ya juye su duka a kwamfutar Yaya. Wayar ta faɗa ruwa ta mutu. Shi da kullum ke yi wa masu kawo gyara wa'azin su riƙa ajiye abu a wuri biyu, nasa gobe-gobe ya yi ta yi. Duk duniya nan kaɗai muryar Inna ta rage.

Ya zauna ya kunna. Kwamfutar ta tashi da ƙyar, fankar cikinta tana huci kamar wadda ta ɗauko kaya. Kibiyar linzami tana motsi a allo ita kaɗai, kaɗan-kaɗan. Wani baƙin akwati ya ɓullo a allo ya ɓace kafin ya karanta. Ya riga ya san ciwon. Ya tambaye ta me ta sauko da shi kwanan nan.

Ta ce wata abokiyar aikinta ce ta turo mata wata manhaja ta kyauta, wai tana tace tsofaffin muryoyi, ta cire shuu ɗin nan da ke bayansu. Ita kuwa tana son ta ji Inna tangaram. Da ta sa, kwamfutar ta tambaye ta ko ta yarda abin ya shiga, ta danna e.

Ya shafa fuska da tafin hannu. Ya gaji da wannan labari, kullum sai ya ji shi a shago. Ya yi mata bayani a gajarce. Su masu gyara turojan suke ce masa. Ba ya fasa ƙofa, ba ya haura katanga. Shiga yake yi irin ta mutanen kirki, ya zo da abin da mutum ke so, ya tsaya ya jira. Sai mai gida ya buɗe masa da kansa.

Yaya ta zauna a bakin gadon Inna ta harɗe hannuwa.

Ya fara da zare wayar intanet, don kada abin ya ci gaba da magana da waɗanda suka aiko shi. Ya kashe kwamfutar ya tashe ta tsirara, yadda ba abin da zai motsa sai wanda ya zama dole. Ya sa filashinsa ya sake shi ya bi lungu-lungu. Aikin jira ne. Ya jingina da kujera yana hamma, fankar sama tana kaɗa labule, firiji yana gurnani daga kicin. Can sai ga shi an kamo, ya laɓe cikin abubuwan da ke tashi tare da kwamfutar. Ya goge shi, ya goge 'ya'yan da ya haifa, ya share duk tarkacen da ya bari. Ya ce wa Yaya an gama, ta ɗora masa ruwan shayi. Ba ta tashi ba.

Ya sake kunnawa don ya tabbatar. Abin yana nan inda yake, ya canza suna kawai.

Ya sake gogewa. Ya sake dawowa.

Nan ya gyara zama. Ya buɗe wurin da ya ajiye muryoyin Inna. Sunayensu suna nan yadda ya rubuta su, amma kowanne ya yi ƙiba, ya ninka nauyin da ya san shi da shi. Abin ya shiga cikinsu ɗaya bayan ɗaya ya kwanta. Ya zaɓi guda, wanda Inna ke faɗan gishiri, ya gwada juye shi a filashi ko zai iya wanke shi a shago. Filashin ya ɗau zafi. Warin roba mai ƙonewa ya tashi. Ya fizge shi ya yar, yana yarfe yatsu.

Ya daɗe yana kallon allon kafin ya juyo. Ya gaya mata gaskiya: abin ya haɗe da muryoyin, ba ya raba su. In ana so ya fita, sai an share komai.

"Har da Inna?"

"Har da ita, Yaya."

"A'a," ta ce. "Bar shi kawai. Tashi ka tafi gida, ka gaji."

Yana shirin ba ta amsa aka ɗauke wuta.

Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Firiji ya yi shiru. Daga nesa wani yaro ya yi ihu, wani ya fara jan janareta yana ƙin tashi. Ya laluba aljihu zai kunna fitilar waya, sai ya lura yana ganin hannunsa sarai.

Allon bai mutu ba.

Kwamfutar nan ba ta da batir. Shi ya haɗa ta, ya sani. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya zare wayarta daga bango. Ya ɗago da kan wayar a hannunsa. Hasken yana nan, shuɗi-shuɗi, a kan fuskar Yaya.

Sai sifika ta yi ƙara kaɗan, irin ta mai gyaran murya.

"Salamu alaikum."

Muryar Inna ce. Da kaushinta, da jan ƙarshen kalma da take yi. Babu shuu ko kaɗan a bayanta.

Muryoyin nan ya haddace su kaf, ya saurare su har ba adadi. Babu sallama a cikinsu. Inna a kwance take lokacin, ita ake yi wa sallama.

Leɓen Yaya ya fara motsi. Ya kai hannu ya rufe mata baki. Ta ture hannun a hankali.

"Tun yaushe?" ya raɗa.

Ta gaya masa cikin raɗa, ba ta kalle shi ba. Tun daren da ta danna e. Kullum bayan magariba. Ranar farko ba ta ma san ta amsa ba, bakinta ne ya amsa da kansa, wa zai ji sallamar uwarsa ya yi shiru? Da fari daga sifika take zuwa. Daga baya ta koma bayan taga. Jiya a tsakar gida ta ji ta, kuma jiya ne muryar ta ce amsa sallama ya isa haka, yau tana so a ce mata ta shigo. Shi ya sa Yaya ta kira shi. Shi ya sa kuma ta yi murna da ya ce sai gobe.

Ya zare wayar sifikar ita ma.

"Salamu alaikum."

Daga tsakar gida.

Sannan muryar ta kira sunan Yaya. Sunanta na yanka, cikakke, da taushi.

Inna mace ce mai tsananin kunyar 'yar fari. Tun da ya buɗe ido a duniya bai taɓa jin sunan nan a bakinta ba. "Ke" take cewa, ko "waccan", ko ta aiki wani ya kira ta. Har ranar da za ta cika, hannun Yaya a cikin nata, "ke" ta ce.

"Yaya," ya ce, "Inna ba ta taɓa kiran..."

"Na sani."

"To ai ba ita ba ce."

"Na sani, Auta. Tun ranar farko na sani." Hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba. "Na yi mata wanka, na yi mata wanki, na kwashe mata komai. Ko sau ɗaya ba ta faɗa ba. Wannan kullum sai ta faɗa."

Tausayinta ya kama shi har ya kusa fin tsoron. Ya durƙusa ya jawo akwatin kwamfutar, ya laluba sukudireba a jaka. Tunda abin ya ƙi gogewa, sai a ciro faifan ajiyar kwamfutar da yake kwance a kai.

Sukudireban ya zame, ya sake sawa. Ƙusa ta farko ta faɗi ta gangara ƙarƙashin gado.

A tsakar gida silifa ta fara ja. Taku ɗaya, sai ja. Haka Inna ke tafiya tun da ƙafarta ta hagu ta yi nauyi.

Warin man zafi ya shigo ɗakin, wanda suke shafa mata a gwiwa. A ƙarƙashinsa akwai wani warin, na jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin na tsohuwar rijiya.

Ya cire murfin. Ciki ba abin da ke juyawa. Fankar a tsaye take, ƙura a kanta.

Taku, sai ja.

Ɗakin ya yi sanyi. Zufar bayansa ta daskare.

Takun ya tsaya a bakin ƙofa. Ƙofar a buɗe take, an tokare ta da dutse tun zamanin jinya don iska ta riƙa shiga. Bai juya ba. Ta wutsiyar ido ya ga hasken da ke shigowa daga waje ya toshe, tun daga ƙasa har saman ƙofar. Inna gajeriya ce.

"Auta."

Ya runtse ido.

"Auta, kai ma? Uwarka na sallama ka yi mata banza? Haka na tarbiyyantar da kai?"

Da wannan muryar ta koya masa amsa sallama, yana ɗan ƙarami, tana jan kunnensa. Bakinsa ya buɗe ba da izininsa ba.

"Wa alai..."

Wani sanyi ya zura masa ta maƙogwaro har ƙirji. Ya datse harshensa da haƙori. Gishirin jini ya cika masa baki. Ya fara neman tsari a zuci, kalmomin suna sarƙewa.

Ya finciko faifan. Sanyinsa ya manne masa a yatsu kamar ƙanƙara.

Allon bai mutu ba.

Ba guduma a jakarsa. Ba komai mai nauyi a ɗakin. Sai dutsen ƙofa.

Ya rarrafa, kansa a ƙasa. Bai yarda ya ɗaga ido ba. Ya ga silifan Inna a kan dokin ƙofa, shuɗɗa, waɗanda suka bayar sadaka da kayanta. Ya ga gefen zaninta yana lilo a samansu.

Tsakanin zanin da silifan babu ƙafa.

Numfashi yana sauka a ƙeyarsa. Ya yi bisimilla ya fizgo dutsen, ya ja da baya da gwiwa. Ya ajiye faifan a siminti. Ya ɗaga hannu.

Yaya ta riƙe masa wuyan hannu. Bai san ramammiyar mace na da ƙarfi haka ba.

"Bar min ita," ta ce. "Don Allah, Auta. Ita kenan gare ni."

Muryar ta sake kiran sunanta. A hankali, kamar mai lallashin yaro.

Yaya ta juya ta fuskanci ƙofa. Fuskarta ta saki. Ya ga ta ja numfashi.

"Shig..."

Ya ƙwace hannunsa ya sauke dutsen.

Faifan ya yi ƙara. Sai ga muryar Inna ta cika ɗakin, ta gaskiyar, da shuu ɗinta da ƙarar fankar wancan lokacin. Tana cewa gishirin nan ya yi yawa, so kuke ku kashe ni. Ta fara dariya.

Ya sake bugawa. Dariyar ta yanke a tsakiya.

Ya yi ta bugu yana kuka, har dutsen ya fara cin siminti. Allon ya mutu. Ƙofar da ba ta da matokari ta rufo da kanta, a hankali. A tsakar gida ba taku, ba ja.

Sun daɗe zaune a ƙasa cikin duhu. Da aka kawo wuta ya tattara gutsattsarin faifan a leda, ya kama hannun Yaya ya tafi da ita gidansa. Ba ta yi gardama ba.

Harshensa ya jima bai warke ba. Sanyin ƙirjin kuwa bai tafi duka ba, yakan taso masa in rana ta faɗi. Ya sa wa kwamfutar sabon faifai, tana aiki lafiya lau, Yaya ta ce ya ba 'ya'yansa. Ta koma gidanta, ta koma aji, jikinta ya dawo. A shago mutane sun fara cewa mai gyara ya yi girman kai, don ba ya amsa sallama sai ya ɗago ya ga fuskar mai yin ta. Yanzu kuma ko ba a biya shi ba sai ya juye wa mutum hotunansa a wuri na biyu kafin ya ba shi kayansa.

Yaya ba ta taɓa ce masa ya yi laifi ba, ba ta kuma taɓa gode masa ba. Yakan biya ta gidanta in ya tashi daga aiki, su zauna a tsakar gida su yi hirar yara da tsadar kaya. Wata rana da yamma tana tsince wake a tire, ta dakata, ta ɗago.

"Auta, wai yaya ma Inna take dariya? Tun safe nake nema, na rasa."

Ya buɗe baki zai kwatanta mata. Ya san akwai tari a ƙarshe, ya san takan dafe ƙirji. Sautin ne babu. Ya lalubi kansa ko'ina yana neman muryar uwarsa, faɗanta, kiranta, ko kalma ɗaya. Abu guda ne ya amsa masa, tangaram, ba shuu a bayansa, kuma sallama yake yi.

"Ni ma na manta, Yaya," ya ce.

Ta gyaɗa kai ta ci gaba da tsintar wakenta.